Rara gosht: amsar tambayoyin da ake ta yi min kan miyar naman nan ta Indiya

Tun ranar da na dafa miyar nan a walimar ƙanwata aka hana ni sakat, wannan ta tare ni a gidan biki waccan ta kira ni a waya, kuma in kin duba kusan tambayoyin iri ɗaya ne. Shi ne na ce bari dai in zauna in haɗa su waje guda. Shekara uku na yi a jihar Panjab ina karatu kusa da Jalandhar, matar mai gidan da muke haya ita ta koya min, ni zan sayo namana a wurin mahauci Musulmi ita kuma ta tsaya a kaina a kicin tana cewa ban soya albasar ba tukuna. Abin da na koya a hannunta da wanda na gano da kaina bayan na dawo gida shi zan faɗa.

Anti wai ma meye sunan miyar, kuma ta wane gari ce?

Sunanta rara gosht, a takardar abincin wasu gidajen za ki ga an rubuta mutton rara, duk abu ɗaya ne. Gosht nama kenan, kalmar Farisanci ce da ta shiga Urdu da Hindi, shi kuma niƙaƙƙen naman da ake zubawa a ciki keema suke ce masa. Girkin arewacin Indiya ne, an fi saninsa da Panjab da maƙwabciyarta Himachal Pradesh, kuma tunda an raba Panjab biyu a 1947 ɓangare ɗaya ya faɗa Pakistan, in kin je Lahore ma za ki tarar da irin wannan girkin. Inda ya fi suna shi ne dhaba, wato rumfunan abinci na bakin titi da direbobin manyan motoci ke tsayawa, musamman a kan tsohuwar hanyar nan Grand Trunk da ta ratsa Amritsar ta bi Jalandhar da Ludhiana da Ambala har Delhi. Abincin masu aikin ƙarfi ne, mai maiƙo, mai nauyi, ba a yi shi don mai son ruwa-ruwa ba.

Me ya sa ake haɗa nama iri biyu a tukunya ɗaya, ba ɓarna ba ce?

Wannan ita ce tambayar da in kin gane amsarta kin gane girkin gaba ɗaya. Mu a nan jikin miyarmu kayan miya ne, tumatir da tattasai da attarugu a markaɗa a soya, nama kuma yana iyo a ciki. A rara gosht niƙaƙƙen naman shi ne jikin miyar. Yana dahuwa yana narkewa cikin albasa da kindirmo har ya zama wani kauri da ke manne wa tsokar, in kin yanko burodi kin dangwala ba romo kike ɗebowa ba, nama kike ɗebowa. Shi kuma mai ƙashin aikinsa daban, ɓargo da jijiyoyin da ke jikinsa su suke narkewa su ba miyar wannan danƙon da kike ji yana kama leɓe. In kin cire niƙaƙƙen kin yi miyar nama ta kullum, in kin cire mai ƙashin kin yi keema kawai, kowanne abinci ne mai daɗi amma ba shi ne rara ba.

Kuma in lissafi za a bi ma sauƙi ne, domin kilo ɗaya na nama gabaɗaya zai ishi mutum shida, tunda ko wanda bai samu tsoka babba ba cokalinsa cike yake da nama.

Naman rago zan saya ko na akuya?

Duk wanda kika samu. Amma ki sani su Indiyawa in sun ce mutton yawanci naman akuya suke nufi, shi ne a kasuwanninsu, kuma da shi na koya. Na akuya ba shi da kitse sosai, miyar tana fitowa fes. Na rago ya fi maiƙo da zaƙi sai dai in kitsen ya yi yawa za ki rage man da za ki zuba. Abin da kawai zan roƙe ki shi ne ki guji tsohon bunsuru, ƙarninsa ko kayan ƙamshin duniya kika juye sai ya fito.

Wane ɓangare zan ce wa mahauci ya ba ni?

Kafaɗa da wuya da ɗan haƙarƙari, sai ƙashin ƙafa mai ɓargo guda biyu ko uku. Cinya zalla tana bushewa in ta daɗe a wuta, ita ce ma ta fi dacewa a niƙa. Ki ce ya sara miki manya-manya kamar girman ƙwai, kar ya yi ƙanana irin na farfesu domin za su ɓace a cikin niƙaƙƙen. In kin zo gida ki wanke ki tsince ɓurɓushin ƙashi da kyau ki bar shi a kwando ya tsane sosai, nama mai ruwa ba ya soyuwa, tafasa yake.

Niƙaƙƙen kuma ki tabbata a gabanki aka niƙa, kuma ba lukui ba. Mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ake so. In ba inji kusa ki ba mahauci ya sassara miki da wuƙa a kan katako har ya yi ƙanana, wallahi wannan ya fi na injin ma, can Indiya da yawa daga masu girkin gaske na hannu suke nema. In da bilenda za ki yi ki sa naman ya yi sanyi ƙarara tukuna, ki riƙa kunnawa kina kashewa, in kin sake ta ta yi ta gudu zai koma kamar ƙullu. Ki bar ɗan kitse a ciki kamar kashi ɗaya cikin biyar.

Zan iya sa niƙaƙƙen naman sa tunda shi ya fi samuwa?

Za ki iya, ni ma na sha yi in na rasa. Ɗanɗanon yana canzawa kaɗan, ƙamshin rago yana raguwa. Su can ba sa yi ne saboda yawancin jihohin Indiya sun hana yanka saniya.

Kayan ƙamshin nan fa, ni sunayensu ke rikita ni

Ki kwantar da hankalinki, fiye da rabi kina da su a kicin. Kanumfari, kirfa, citta ɗanya, tafarnuwa, kurkum, masoro, duk namu ne. Sauran zan faɗa miki sunan da za ki gani a jikin leda in kin shiga shagon da ke sayar da kayan Indiya. Jeera shi ne kamun. Dhania ita ce kusbara, 'ya'yanta ake niƙawa, kuma ita ce aka fi zubawa da yawa a girkin nan. Waɗannan biyun ana samunsu a wurin masu kayan ƙamshi da shagunan magungunan Musulunci, in a Kano kike ki leƙa kasuwar Kurmi. Elaichi iri biyu ne, akwai ƙaramin kore wanda ake sa wa a shayi, akwai babban baƙi da suke kira badi elaichi, shi a kan hayaƙi ake busar da shi a yankin Sikkim da Nepal shi ya sa yake wani ƙamshi kamar na ƙauri. Shi ne ke ba miyar ƙamshin dhaba. In babu shi ki bar gurbinsa kawai, kar ki ce za ki sa citta mai 'ya'ya, dangi ɗaya ne a tsiro amma ita yaji gare ta.

Sai tej patta, ganye ne dogo mai jijiya uku a tsaye, ƙamshinsa ya fi kusa da kirfa, ba shi ne ganyen bey da muke sa wa a jalof ba duk da ana musanya su kuma ba laifi. Na ƙarshe kasuri methi, busasshen ganyen hulba ne, sunan daga garin Kasur na Pakistan ya samo. Dan Allah kar ki ɗebo 'ya'yan hulba ki zuba a madadinsa da yawa, ɗaci za ki jawo wa kanki. In dole ne ƙwaya biyar zuwa shida a cikin mai tun farko sun isa.

Wani abu kan masoro: namu na gargajiya mai ɗan wutsiya ya fi na Indiya ƙarfi kuma yana da ɗan ɗaci-ɗaci, in shi za ki sa ki rage rabi.

To ba zan iya zuba korin leda kawai in huta ba?

A'a. Nan kam ba zan sassauta ba. Garin kori da muke sa wa a soyayyiyar shinkafa haɗin Turawan Ingila ne na zamanin mulkinsu a Indiya, kurkum ya yi masa yawa, kuma shekara uku da na yi ban taɓa ganinsa a kicin ɗin matar nan ba. In kin zuba shi miyar za ta zama ɗorawa ta yi ƙamshin abincin biki irin namu. Tayim ma ki ajiye shi.

Garam masala fa, saya zan yi ko haɗawa?

In kin samu sabo ki saya, in ya daɗe a shago ƙamshinsa ya gudu. Haɗawa ba wuya: babban cokali biyu na kusbara, ɗaya na kamun, ƙaramin cokali na masoro, kanumfari takwas, elaichi kore takwas, baƙi biyu, kirfa tsawon yatsa. Ki gasa su a busasshen kasko a wuta kaɗan minti biyu zuwa uku har ƙamshi ya tashi, su huce, ki daka ki tankaɗe ki rufe a kwalba. A ƙarshen girki ake barbaɗa shi ba a farko ba.

Ba ni awo dan Allah, ni ba na iya girkin ƙiyasi

Toh. Nama mai ƙashi giram 750, niƙaƙƙe giram 250 zuwa 300. Albasa manya huɗu, tumatir uku madaidaita, kindirmo gwangwanin madara ɗaya, dakakkiyar citta da tafarnuwa babban cokali biyu cike, mai babban cokali shida. Na jefawa a mai ɗungurungum: ganyen tej patta biyu, elaichi baƙi biyu kore huɗu, kanumfari biyar, kirfa ɗaya, kamun ƙaramin cokali. Na gari: kusbara babban cokali biyu, jan barkono marar zafi babban cokali ɗaya, garin kamun ƙaramin cokali, kurkum rabin ƙaramin cokali, gishiri. Na ƙarshe garam masala ƙaramin cokali da kasuri methi babban cokali. Ruwan zafi kofi ɗaya da rabi, ba fiye ba.

Za ki ga tumatir uku kacal kamar sun yi kaɗan. Haka ake so, ba miyar tumatir ba ce. Shi tumatir da barkono ma baƙi ne a girkin Indiya, Turawan Fotugal ne suka kawo irinsu daga nahiyar Amurka bayan matuƙin jirgin ruwansu Vasco da Gama ya sauka garin Calicut na gaɓar Indiya a 1498, kafin nan masoro ne yajinsu.

Sai na tafasa naman tukuna ko?

Kar ki tafasa. Na san hannunmu ya saba, a tafasa da albasa da magi a tsame a soya sannan a jefa a miya, amma a nan ɗanye yake shiga tukunya ya soyu cikin albasa, duk zaƙinsa ya tsaya a miyar. Abin da za ki yi masa shi ne ki kwaɓa shi da rabin kindirmon da rabin citta da tafarnuwar da gishiri da kurkum, ki rufe ki ajiye a firji ko awa biyu ne, in ya kwana ya fi. Tsamin kindirmo yana sassauta tsoka kuma yana kashe ƙarni.

Yanzu faɗa min yadda ake yi daga farko

Ki nemi tukunya mai kaurin gindi, irin ta dalma ɗin nan da ake zubawa ta yi daidai, marar nauyi za ta ƙona miki. Mai ya yi zafi ki jefa kayan ƙamshin da ba a niƙa ba, daƙiƙa talatin za ki ji kamun yana tartsatsi, sai albasa da kika yanka siri-siri ta biyo baya da ɗan gishiri.

A nan ne fa ake cin jarrabawa ko a faɗi. Albasar nan ba laushi kawai ake so ta yi ba, ba kuma ruwan zuma mai haske ba, so ake ta yi ja mai duhu kamar dabino, kuma wannan yana cin minti 20 zuwa 25 a matsakaiciyar wuta kina juyawa ba ki matsa ba. Matar da ta koya min sau uku tana mayar da hannuna in na ɗauko naman, ta ce saura. A lokacin gani nake kamar ta cika tsanani, sai da na ci na gane, domin launin miyar da zaƙinta da kaurinta duk daga albasar suke. In ta fara kamawa ki yayyafa ruwa cokali ɗaya ki kankare gindin ki ci gaba. In kuma kin bari ta yi baƙi toh ki zubar ki sake, albasa huɗu ba ta kai kilon nama tsada ba.

Daga nan ragowar citta da tafarnuwa minti biyu har ɗanyen warinsu ya tafi. Sai naman, ki ƙara wuta, ki yi ta juyawa. Zai fara fitar da ruwa ki ga kamar abin ya lalace, ki ƙyale shi a buɗe, ruwan zai ƙone naman ya fara soyuwa ya yi duhu, minti 15 ko fiye. Ki rage wuta ki zuba kayan gari da ɗan ruwa kar su ƙone, minti ɗaya, sai tumatir da kika goga ko kika yanka ƙanana, ki soya har su narke. Sai ragowar kindirmo. Sai niƙaƙƙen nama, kina farfasa shi da ludayi kar ya dunƙule, ki soya shi ma minti goma har jansa ya ɓace gabaɗaya. Sannan ruwan zafi, ki rufe, wuta can ƙasa.

Kin yi ta maimaita soyawa, har yaushe zan san ya isa?

Su suna da kalma guda ta wannan aikin, bhuna, wato soya abu kana juyawa, ya kama ka yayyafa ruwa ka kankare, ya sake kamawa ka sake, har komai ya haɗe. Alamar da ake dubawa ɗaya ce: mai ya rabu da kayan ya fito gefe-gefe yana ƙyalli, in kin ja ludayi a gindin tukunya hanya ta buɗe ba ta rufe nan take ba. Mu ma ai mun san wannan a miyar dage-dage, sai dai a rara sau uku za ki jira alamar, bayan nama, bayan tumatir da kindirmo, bayan niƙaƙƙe. Wannan ɗan abin da ke mannewa a gindi kina kankarowa shi ne daɗin. Na ga mata sun sayi kowane irin kayan ƙamshi masu tsada sun tsallake wannan matakin, miyar ta fito salam kamar an jiƙa yaji a ruwa, na kuma ga wadda ba ta da elaichi ba ta da methi amma ta tsaya ta soya, kowa ya nemi ƙari. In lokacinki bai kai awa biyu ba ki bari sai wata rana.

Wasu na cewa daban ake soya niƙaƙƙen, wanne ne daidai?

Duka ana yi. Masu gidan abinci sun fi dafa keema daban da nama daban su haɗa in an yi oda. A gida tukunya ɗaya ta wadatar. Sai dai in namanki mai tauri ne wanda zai kai awa biyu, ki soya niƙaƙƙen a wani kasko ki ajiye, ki zuba shi saura minti 40 a sauke, kar ya narke ya ɓace baki ɗaya.

Minti nawa zai yi a rufe?

Ƙaramar dabba awa ɗaya zuwa ɗaya da kwata, babban rago ya kan kai awa biyu. Ki riƙa buɗewa duk bayan minti goma sha biyar kina juyawa saboda niƙaƙƙen nama gindi yake sauka kuma yana saurin kamu. In tsoka ta fara sakin ƙashi ya yi. Ki buɗe ki ƙone ragowar ruwan har ludayi ya riƙa ɗaukowa da kauri, ki murje kasuri methi a tafin hannu ki zuba, garam masala, ki rufe ki kashe wuta ki ba shi minti goma kafin a taɓa.

Ina da firesha kuka, zai yi?

Zai yi mana, kusan kowane gida a Indiya da ita suke dafa nama, har lissafin dahuwa da yawan fito suke yi, ka ji an ce fito biyar ko shida. Minti 15 zuwa 20 bayan ta ɗau iska, ki bari ta huce da kanta, ruwa kofi ɗaya ya isa. Dahuwa kawai take gajarta miki, soyawar sai kin yi ta da hannunki kamar kowa.

Kindirmona ya tsinke ya yi gudaji-gudaji, me na yi ba daidai ba?

Ko dai da sanyinsa kika zuba, ko wuta ta yi yawa, ko ba ki kaɗa shi ba. Ki fito da shi da wuri, ki kaɗa ya yi sumul, ki rage wuta, ki zuba cokali-cokali kina juyawa. Ki tabbata kuma marar suga ne, yogot ɗin roba mai zaƙi ba zai yi ba, nonon da aka tsinka da ruwa shi ma haka. In ya riga ya tsinke ki ci gaba da soyawa, yawanci yana ɓacewa a cikin niƙaƙƙen.

Wane mai ya fi?

A Panjab man mustad suke so ko ghee, shi ghee ai man shanu ne soyayye irin namu. Na fi son rabi man gyaɗa rabi man shanu. In man shanun an soya shi da albasa ba matsala. Wadda ta samu man mustad ta bari ya yi zafi har ya fara hayaƙi ta sauke ya ɗan huce kafin ta sa komai, in ba haka ba warinsa yana hawa kai. Manja kuwa a'a.

Tawa ba ta yi ja kamar taki ba, kuma yaji ya yi yawa

Jan ba daga zafi yake ba. Suna da barkonon Kashmir, ja wur amma kusan ba zafi, shi ke rina miyar. Abin da na gano bayan na dawo shi ne busasshen tattasai in kin cire 'ya'yan kin daka ya yi laushi yana yin wannan aikin tsaf, sai ki ƙara ɗan barkono gwargwadon bakin mutanen gidanki. Attarugu yana da nasa ƙamshin mai ƙarfi da ke danne sauran, in sai da shi ki jefa guda ɗaya ba tare da kin fasa ba ki tsame daga baya. Su ɗanyen koren barkono suke tsagawa su jefa a ƙarshe.

Ba a sa magi?

Ba sa sa wa. Ki gwada sau ɗaya da gishiri kawai ki ji, nama biyu da albasa huɗu da suka soyu ba sa neman taimako. In maigida ya ce sai da shi ɗaya ya isa.

Ta yi tsami, ta yi ɗaci, ko mai ya yi yawa, akwai gyara?

Tsami daga kindirmo mai kwanaki ne ko tumatir bai soyu ba, ki ƙara mata lokaci a wuta kaɗan da ɗan man shanu, in ya ƙi ki sa suga a bakin cokali. Ɗaci in kaɗan ne kindirmo cokali biyu yana rage shi, in na ƙonewa ne ki juye a wata tukunya ba tare da kin kankaro gindin ba. Mai kuma ki jingine tukunyar ya taru gefe ki kwashe, ki adana shi ki soya ƙwai ko dankali da shi washegari. Amma kar ki kwashe duka, wannan jan man da ke saman miya suna ce masa tari ko rogan kuma da gangan ake barinsa.

Da me ake ci?

Can da irin burodinsu, roti ko naan mai zafi daga tanderu, a gefe ga yankakkiyar albasa da lemun tsami, a sama a watsa ɗanyar citta siri-siri da ganyen kusbara. Ranar da na fara ganin ana manna naan a bangon tanderu gurasar Kano na tuna, kuma gaskiya gurasa mai zafi ita ce ta fi dacewa da miyar nan a duk abin da muke da shi. Farar shinkafa basmati ma ta yi, musamman in kin soya kamun a man shanu kafin ki zuba ta. Ƙanwata da masa take ci, na gwada kuma ya shiga. Da tuwo dai ban ji daɗinsa ba, ba ta da santsin da zai ja loma.

Kwana nawa take yi?

Washegari ma ta fi daɗi. A firji mai sanyi kwana uku, a firiza wata biyu zuwa uku. Sai dai ki kula, niƙaƙƙen nama yana saurin lalacewa fiye da tsoka, kar ki bar shi ɗanye a zafin nan yana jira kina yanka albasa, kuma dafaffiyar kar ta wuce awa biyu a waje. In wuta ba ta zama a unguwarku ki dafa daidai cin rana ɗaya. Wurin ɗumame ki yayyafa ruwa ki bari ta tafasa har ciki.

Zan iya yi da naman layya?

Sosai ma, lokacin ne kike da kowane ɓangare a hannunki, wuya da kafaɗa ga cinya ta niƙawa. Ki dai bari naman ya kwana a sanyi, na ranar yanka tauri gare shi. Kuma ki ware naki tun kafin a fara suya domin soyayyen nama ba ya yin rara.

Ɗana zai tafi karatu Indiya, zai iya ci a gidan abinci?

Hajiya ki ja masa kunne ya riƙa tambaya. A Panjab mabiya addinin Sikh ne suka fi yawa kuma yankansu daban ne, jhatka suke ce masa, sara ɗaya ake yi wa dabba, ba halal ba ne, kuma shagunan nama da yawa suna rubutawa a allo ko jhatka ne ko halal. Ya nemi gidan abincin Musulmi, a Delhi unguwar Jama Masjid da Nizamuddin cike suke da su, a Panjab kuma akwai garin Malerkotla wanda Musulmi suka fi yawa. In ya samu mahaucin da ya yarda da shi ya ce a ba shi kilo ɗaya, kashi uku mai ƙashi kashi ɗaya keema, ki koya masa soya albasar kafin ya tafi.